Daminar da Kawu Ya Fasa Bangon Inna

Daminar da Inna ta kwanta ciwo, babu abin da ya wahalar da ni kamar shanya. Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya ɗan karkace, magana sai da ƙyar. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, wana kuma yana aiki can Kaduna. Sai maigidana ya ce in ɗauki keken ɗinkina in koma gidanmu in zauna da ita, tunda duk cikin Jibiya muke, yara kuma sun isa su riƙa kai da kawo tsakanin gidajen. Haka muka rage ni da ita a gidan da aka haife ni.

Ciwon ya zo da abin da ba a son faɗa, wato ba ta iya riƙe fitsari. Kullum sai na wanke zannuwan gado da na ɗaurawarta da tsummokaran da nake shimfiɗawa bisa leda. Wanki bai taɓa gagarata ba, bushewar ce damuwa. Ruwa ya yi yawa shekarar. Sai in shanya da hantsi, kafin azahar hadari ya haɗo daga gabas, in kwashe a guje in rarrataya a ƙyaure da taga da bayan kujera. Su kwana da danshi, su tashi da wari. Ranar da aka samu rana kuwa sai in cika igiyoyin tsakar gida kaf, har mai shigowa sai ya sunkuya.

Masu shigowa kuma suna da yawa, don Inna mai jama'a ce. 'Yan dubiya daga ƙauyukan Kusa da Mazanya, matan unguwa, ƙawayenta na tun amarci, duk ta ƙarƙashin zannuwan nan suke bi su isa ɗakinta. Ita kuwa mace ce da ko tsinke ba ta bari ya kwana a tsakar gida, ko kwanon da aka ci tuwo ya wayi gari ba a wanke ba. Na lura duk sanda baƙi suka tafi sai ta juyar da fuska bango. Daga baya ta fara ƙin ruwa. In na kai mata kofi sai ta jiƙa leɓe kawai ta kau da kai. Na zaci haɗiya ke mata wuya. Likita ya duba ya ce maƙogwaronta lafiya lau, lallai ne ta sha, in ba haka ba ƙoda za ta taɓu. Na yi lallashi, na yi fushi, na sa malamin unguwa ya yi mata nasiha, duk a banza.

Kawu ne ya gane. Ƙanen Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autansu. Inna 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ta wannan ɓangaren, shi kuma yana can da iyalinsa, yana tuƙa babbar mota, wadda yake kira kamyo, tsakanin Maraɗi da Kano. Tun ina yarinya na san zuwansa iri ɗaya ne. Yayin da ake duba takardun mota a bodar Magama sai ya hau babur ya shigo gari, ya gaida yayarsa, ya sha fura kusan a tsaye, ya ajiye mana dabino ko cuku, ya koma. Gemunsa ya yi fari fat, amma har lokacin Auta take kiransa.

Ranar ya karɓi kofin daga hannuna ya kai mata baki da kansa. Ta kau da kai. Bai matsa ba. Ya zauna a bakin gado, ya bi inda idonta yake kallo, ta ƙofa zuwa tsakar gida. Da na rako shi zaure sai ya tsaya ya ce da ni, cikin harshensu na can:

"Ba ruwan taka ƙi ba, ɗiyata. Igiyar can taka ƙi."

Na daɗe tsaye a zauren bayan ya tafi. Ni da ke kwana da ita ina tashi da ita ban gani ba.

Zuwansa na gaba sai ga 'yan dako sun turo kura har ƙofar gida, bisa kai wani farin akwatin ƙarfe mai kama da firji, da ƙofa zagayayya a gaba. Injin busar da tufafi ne, ya samo shi a wani masauki a Maraɗi da suka sake sababbi. Ya ce da tukunyar gas yake ɗumama iska, wutar da yake buƙata kaɗan ce, ta juya gangar ciki kawai, ƙaramin janaretanmu ya isa. Aka shigar da shi ɗakin ajiya da ke manne da na Inna, inda muke tara buhunan gero. Kawu ya haɗa, ya gwada, ya nuna mini inda ake murɗawa. Sannan ya juya da ni baya ya nuna mini wani rami zagayayye, faɗinsa kamar bakin ƙaramar tasa. Ya ce nan iska mai zafi ke fita, tana son tiyo da zai kai ta waje, in ya dawo daga Kano zai yi. Kafin nan in bar ƙofa a buɗe. Sauri yake, motarsa ta tare wa wasu hanya.

Injin ya yi aiki, zannuwa suka bushe. Amma ɗakin ba shi da taga. Ban yi nisa da amfani da shi ba bango ya fara gumi, ruwa yana tsattsafowa daga rufin kwano, buhunan gero suka soma warin ruma. Wani irin ɓurɓushin auduga mai toka-toka ya lulluɓe komai, har gashin ido. Kaina kuma ya riƙa ciwo duk ranar da na kunna. Wata rana ruwa ya zo da iska yana feso cikin ɗakin, na ja ƙyauren ya rage kaɗan, na tsaya ina ninke waɗanda suka bushe. Sai na ji ƙasa tana juyawa. Da rarrafe na fito, na zauna cikin ruwan ina haki. Da na faɗa wa Kawu a waya ya ce in rufe gas ɗin, kar in ƙara taɓa injin sai ya zo. Na koma igiya, Inna ta koma kallon bango.

Yana hanyar dawowa aka rufe boda. Motoci suka yi layi daga Magama har ba a ganin ƙarshensu, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, masu shayi da masu abinci suka bi su can. Allah ya taimaki Kawu sabulu da bokitai ya ɗauko, ba kayan gwari ba, don waɗanda suka ɗauko tumatir da barkono suna ji suna gani kayan suka narke. Kowa cewa yake gobe za a buɗe. Da goben ta ƙi zuwa, sai ga shi da yamma da 'yar jakarsa da buta, ya ce zai kwana a zaure har ya gama aikin injin. Tun bikina bai ƙara kwana a gidan ba.

Da safe ya shiga ɗakin ajiyar ya tsaya yana kallon bango huɗu. Ya ce in an fitar ta rufi, ruwan sama zai sami hanya, danshin ma zai riƙa gangarowa ya koma cikin injin. In an fitar ta tsakar gida, hucin zai riƙa bugun tagar Inna da wurin zaman baƙi. Saura bangon baya, wanda ke bayan injin daidai. Ya ce shi ya fi, don bututun irin wannan gajarta yake so da miƙewa, duk inda ya lanƙwasa nan auduga ke taruwa, auduga da zafi kuwa gobara ce. Sai dai bayan bangon ba lungu ba ne, garken awakin maƙwabcinmu ne.

Ya yanko kwali daidai faɗin ramin, muka zaga kasuwa da shi. Babu mai tiyo mai wannan faɗi. Wani mai shagon kayan famfo ya fito mana da bututun roba na ruwa, ya rantse zai yi. Kawu ya jujjuya shi ya mayar, ya ce roba da wuta ba su taɓa shiri ba. A hanya ya ce da a da ne, waya ɗaya zai yi wa abokinsa a Maraɗi, kafin magariba tiyon yana Jibiya. Yanzu garin da ake zuwa a ci kasuwa a dawo a rana ɗaya ya koma kamar wata uwa duniya.

Daga ƙarshe wurin maƙerin da ke yin indararo da akwatunan ƙarfe muka je. Ya karɓi kwalin, ya yanko fallen farin kwano, ya naɗe shi bisa wani gungumen ƙarfe yana bubbugawa har ya zama bututu. Guda biyu ya yi, da gwiwa ɗaya, don ramin injin yana ƙasa sosai, ana son a ɗan ɗaga. Kowane ɗaya ya tsuke masa baki guda yadda zai shige cikin na gaba. Gwiwar farko ta lanƙwashe da yawa kamar kusurwar ɗaki. Kawu ya leƙa ciki ya ce iska za ta yi karo, maƙerin ya ce shi ma bai gamsu ba, suka zauna su biyu suna zane a ƙasa da tsinke har suka daidaita a kan mai lanƙwasa a hankali, gaɓa-gaɓa.

Bayan la'asar Kawu ya je wurin maƙwabcin namu, wani dattijo abokin mahaifina. Dattijon ya ce shi ba ya da ja, awaki ma sa ji daɗin ɗumi da daminar nan, sai dai a ɗaga bakin bututun sama da inda ƙaho zai kai, don akuya ba ta san abin da ba a ci ba. Amma ya ce bangon ba nasa ba ne da zai bayar. Marigayi ne ya ɗora tubalinsa da hannunsa, shi yana miƙa masa. A tambayi mai gidan, wato Inna.

Ni ban yi tunanin a tambaye ta ba. Tun da ta kwanta mun saba yanke mata komai, abin da za ta ci, wanda zai shigo, gefen da za ta kwanta. Kawu ya shiga ya durƙusa a gaban gadon ya yi mata bayani tiryan-tiryan, rufi da taga da bangon baya da garken awaki, kamar yana gaban ubangidansa. Ta saurara idonta a kansa. Can ta yi wata magana da ni ban kama ba. Shi ya kama. Ya fashe da dariya har yana share hawaye da hularsa. Ashe tambayarsa ta yi ko ya iya, ko kuwa irin aikin da ya yi wa rumbun uwarsu zai yi. Wai yana yaro ya taɓa huda rumbun yana neman ɓera, gero ya tsiyaye dare guda, ita aka daka a madadinsa don ita ce babba. Gefen bakinta mai lafiya ya motsa. Tun da ta kwanta ban ga haka ba.

"Hwasa, Auta," ta ce. "Amma sannu."

Na lura in tana magana da shi harshenta komawa yake na Maraɗi tsantsa, irin wanda ban taɓa ji a bakinta ba sai in ta yi fushi, kuma kalmomin sun fi fitowa da sauƙi.

Bangon na jar ƙasa ne, an yi masa shafen siminti daga baya, kaurinsa ya kusa kamu guda. Kawu ya ɗora kwalin ya zana da gawayi, ya ɗauko kurfi da guduma. Aikin da magini zai gama kafin rana ta take, shi kwanaki ya yi yana yi. Sai ya ɗan sassaƙa, ya kwashe ƙasar a kwano, ya wanke hannu, ya shiga wurin Inna ya zauna. Ina kan keken ɗinki a rumfa ina jin su. Yawanci shi ke magana, ita tana gyara masa. Suka bi unguwarsu gida-gida, wa ya rasu, wa ya koma Yamai, wace rijiya aka cike. A nan na ji cewa uwata, wadda na sani da kamun kai kamar an haife ta da mayafi, ta taɓa satar keken babansu tana budurwa ta tuƙa har bakin gulbi, da Auta a baya yana kuka. Da ya kai tsakiyar bangon ya ciro wani guntun tubali da sawun yatsu a jikinsa, inda mai curawa ya danna tun yana ɗanye. Ya kai mata. Ta riƙe a hannun hagu tana shafawa da babban yatsa, daga baya ta sa na ajiye mata a taga.

Na ji daɗin hirar tasu, amma raina ya fara ƙuna. Leɓunanta sun bushe sun tsattsage, zannuwa kuma suna nan a igiya. Wata safiya na same shi a zaure yana shan shayi, na durƙusa na gaishe shi, na ce Kawu, har yanzu fa ba ta sha. Ya ajiye kofin ya sunkuyar da kai.

"Na sani, ɗiyata. Amma in na gama, mi zan ce ya zaunar da ni gidan surukai, abokan aikina suna kwana ƙarƙashin mota?"

Na ce masa surukan duk sun kwanta dama, gidan yanzu na yayarsa ne, kuma in dalili yake nema, ni ba na iya ɗaga ta ni kaɗai in zan sake shimfiɗa, bayana ya fara ciwo. Wannan gaskiya ce, ban dai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya dube ni, ya gyaɗa kai. Kafin azahar ranar haske ya ɓullo ta ramin, muka ji kukan awaki kamar a cikin ɗakin.

Sauran aikin tare muka yi, ina riƙe yana haɗawa. Ya sa tsukakken bakin kowane bututu ya fuskanci waje, ya bi inda iska za ta bi, don kar auduga ta sami leɓen da za ta maƙale. Na miƙo masa ƙusa, ya ce a'a, duk abin da ya leƙo ciki ƙugiya ne. Da zoben ƙarfe ya ɗaure bakin injin, mahaɗan kuma ya naɗe su da salatif mai ƙyalli irin na masu gyaran firji. Wanda ya ratsa bangon ya ɗan sunkuyar da shi waje, yadda in gumi ya taru zai ɗiga can, ba zai komo ciki ba. Ya cike gefen ramin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya shafe da siminti ciki da waje, ya ɗaura 'yar raga a bakin don ɓeraye. Ya janyo injin ya bar tazara tsakaninsa da bango. Sannan ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a mahaɗan gas yana duba ko zai yi kumfa. Bai yi ba.

Da muka kunna, dattijon ya ɗaga murya daga garke ya ce iska na fitowa, awakinsa ma sun taru suna shinshina. Muka zauna a ɗakin har injin ya tsaya. Bango a bushe, kaina garau. Na ciro zanen farko da ɗuminsa na kai wa Inna, ta ɗora kunci a kai ta lumshe ido. Ba ranar ta fara sha ba. Sai da ta ga an kwana an tashi, baƙi sun shigo sun fita, babu komai a igiya sai rigunan Kawu da kallabina. Wata yamma ina tsefe mata kai ta ce in dama mata kunun tsamiya, mai ruwa-ruwa. Ta shanye, ta nemi ƙari.

Ba a daɗe ba kaya suka fara jinkirin bushewa, bututun kuma in ka taɓa kamar zai ƙone hannu. Kawu ya zaga garke ya tarar ragar ta toshe da auduga, ta zama kamar bargo. Ya ce dabararsa ce ba ta yi ba. Ya cire ta ya koma wurin maƙeri, aka yi masa murfi marar nauyi mai rataye daga sama, iska ta ture shi ya buɗe, in an kashe injin ya faɗo ya rufe. Ya koya mini in share matacin da ke bakin ƙofar injin duk sanda na kwashe kaya, lokaci-lokaci kuma in kwance gwiwar in zura sanda da tsumma.

Ya zauna da mu har aka fara yankan gero. Shi ke ɗaga ta in na sake shimfiɗa, shi ya fara fito da ita rumfa da hantsi bisa kujera. Boda dai ba ta buɗe ba. Mai motar ya aiko a mayar da kayan Kano a bar motar wurin mai gadi, iyalin Kawu kuma suna ta waya. Ya shirya zai bi babur ta hanyar daji, kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Ranar tafiyar ya durƙusa ya ce, "Yaya, zan tahi." Ta ɗora hannun hagu a kansa, bisa hular, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta ce ya gaida gida. Ya fita bai waiwayo ba, ni ma ban bi shi zaure ba.

Inna ta ga rani, ta ga azumi, har ta fara takawa da sanda daga gado zuwa ƙofa. Ana gab da shuka ciwon ya sake bugunta, wannan karon bai bar ta ba. Kawu ya iso bayan an kai ta.

Gidan yanzu ɗan wana ne a ciki da amaryarsa, amma ɗakin ajiyar yana hannuna, keken ɗinkina ma can na bar shi. Matan unguwa sun san da injin. In damina ta yi nisa masu jego kan aiko da kayan jarirai, in busar musu. Bara wata mata da ban sani ba ta yi sallama, ta ce daga Daddara take, an kwatanta mata gidan. Ta ciro ƙullin kaya daga ƙarƙashin hijabi, wankakku, jiƙe sharkaf, zannuwan gado ne da wandunan dattijo. Ta fara wani bayani tana inda-inda. Na karɓa na ce ta zauna, na zuba a injin na kunna. Na kawo mata tabarma da ruwa, muka zauna a rumfa. Ta ce gonarsu ta kwari ce, ruwa ya kwanta a cikin dawa, amma wake ya yi kyau. Muna wannan hirar har kayan suka bushe, na taya ta ninkewa, ta tafi kafin hadari ya sauko.